Kafin Ka Sayi Na'urar Auna Nisa: Nasiha Ga Matasan 'Yan Wasan Golf

A 'yan shekarun nan duk filin da mutum ya shiga, Kano ne ko Kaduna, Jos ko Abuja, zai ga matashi ya tsaya a bayan ƙwallonsa ya kanga wata 'yar na'ura a ido yana hangen tuta, ko ya duba agogon hannunsa kafin ya zaro sanda daga jaka. Abin farin ciki ne. Mu da muka koyi wasan nan da ƙidayar taku mun san wahalar da aka ɗauke muku. Sai dai kurakurai iri ɗaya nake ta gani a hannunku. Wani ya sayi wadda ba ta dace da filinsu ba, wani ya zuba kuɗin da ya fi ƙarfinsa, wani ya sha hukunci a gasa saboda maɓalli guda da ya manta bai kashe ba, wani kuma ga na'ura a hannu amma wasansa na nan jiya i yau. Duk ana iya kauce musu, shi ya sa nake so mu yi magana tun ba ku sa hannu a aljihu ba.

Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna 14, kowace an ƙera ta don ta kai ƙwallo wani nisa na daban. A hannun yawancin mutane, tsakanin sanda da mai bi mata akwai ratar yadi 10 zuwa 15. Ke nan in lissafinka ya kauce da yadi 15, ko bugunka ya fita tsaf, ƙwallon za ta faɗa kwarin yashi ko ruwa, ko ta zarce girin, wato farfajiyar nan mai laushi da rami yake ciki. Manyan 'yan wasa sun gane haka tun ba a ƙirƙiri waɗannan na'urori ba. A 1961, a gasar Amurka ta waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba, wadda aka yi a Pebble Beach, Jack Nicklaus ya bi shawarar abokinsa Deane Beman ya taka filin da ƙafa, yana ƙidaya taku daga bishiya kaza zuwa girin yana rubutawa. Ya lashe gasar, ya riƙe wannan ɗabi'a har ya ci manyan kofuna 18, adadin da ba wanda ya kamo har yau. Abin da ya samu da taku da fensir shi kuke samu yau da danna maɓalli.

Amma ɗana, kafin kowane bugu tambaya biyu ce a gabanka. Nawa ne daga nan zuwa inda nake son ƙwallo ta sauka? Wace sanda ce take kai wannan nisa a hannuna? Na'ura komai tsadarta ta farkon kawai take amsawa. Kamar tef ɗin tela take, zai faɗi tsawon yadi daidai, ɗinkin riga kuwa sai hannun da ya iya. Sau da yawa nakan ga yaro ya auna ya ce 152, ya zaro ƙarfe mai lamba 8 saboda ya taɓa kai 155 da shi, ya manta cewa ranar iska ce ta tura masa, ƙasa kuma a bushe take. Ƙwallon ta faɗi a 135, ya koma yana zargin na'ura. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka tsaya a gefen kowane girin ranar Asabar ka ƙirga, ƙwallayen da suka gaza isowa sun fi waɗanda suka wuce yawa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, mutum yakan riƙe bugunsa mafi kyau a zuciya ya ɗauka shi ne nisan da ya saba yi.

Saboda haka aikin farko da za ka sa na'ura, taka ce ko ta aro, shi ne ta auna ka kai kanka. Ka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, ka je wurin atisaye da ƙwallaye goma irin waɗanda kake wasa da su. Ka bar jakarka tsaye a inda za ka buga. Ka buga goman da sanda guda, bugun da ka saba, ba na nuna ƙarfi ba, wani kuma ya tsaya can gefe nesa da hanyar ƙwallo ya lura da inda kowace ta fara taɓa ƙasa. Sai ka taka zuwa can, ka fitar da biyu mafi nisa da biyu mafi kusa daga lissafi, ka tsaya a tsakiyar shidan da suka rage, ka juyo ka auna jakarka. Ka rubuta lamba biyu a ɗan littafi: inda ƙwallo ta sauka, da inda ta tsaya bayan ta gama mirginawa. Ta farkon ita ce za ta tsallakar da kai ruwa da yashi. Haka za ka bi sandunanka ɗaya bayan ɗaya, ko da aikin zai ci makonni.

Lambobin nan kuma ba su zauna ke nan har abada ba. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri, don haka ƙwallon da ka buga a Rayfield za ta fi wadda ka buga a Ikoyi ta Legas tafiya, alhali sanda ɗaya ce, hannu ɗaya. Da rani ƙasar Kano takan yi tauri, ƙwallo ta sauka ta yi ta gudu, da damina kuwa kusan inda ta faɗi nan take tsayawa. Ka sake awo rani da damina, da duk lokacin da ka canja sanduna.

Na'urorin kansu iri biyu ne manya a kasuwa. Ta farko ita ce mai hasken leza, wadda ake kangawa a ido. In ka danna maɓalli takan harba hasken da ido ba ya gani, ya bugi abin da ka saita ya dawo, ta lissafa lokacin da ya ɗauka. Haske na tafiyar kilomita kusan 300,000 a sakan guda, don haka zuwa da dawowa ga tutar da ke yadi 150 bai cika kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Daga nan take fitar da nisa, kuma mai kyau ba ta cika kaucewa da fiye da yadi ɗaya ba. Ba ruwanta da taswira ko intanet, ba ruwanta da ko an san filinku a duniya. Duk abin da idonka ya gani tana iya auna shi, tuta ce, leɓen kwarin yashi ne, ko gaɓar tafki ta can ƙetare.

Inda ido ya tsaya kuma nan ta tsaya. Ramin da ke bayan tudu ko bayan duhuwar itatuwa ba za ta auna maka shi ba. Hazo mai kauri na Disamba da Janairu, ko ruwan sama mai ƙarfi, yana watsa hasken a hanya, sai ta ba ka lambar banza ko ta yi shiru. Sannan sandar tuta siririya ce, hannun da ke rawa yana iya zarce ta ya kama bishiyar baya, ka ga 178 alhali tuta na 146. Maganin wannan riƙo ne. Ka kama ta da hannu biyu, ka manna gwiwoyin hannunka a ƙirji, ka ɗan riƙe numfashi. Ka nufi ƙyallen tuta, ya fi sandar faɗi. Ka danne maɓalli ka jawo saiti a hankali daga bishiyoyin baya zuwa kan tuta, za ka ga lamba ta faɗo daga babba zuwa ƙarama, a na'urori da yawa ma za ka ji ta ɗan girgiza a tafin hannunka, alamar ta kama. Ka sake sau ɗaya. In lambobin sun zo ɗaya, ka mayar da ita jaka.

Ta biyu ita ce mai aiki da taurarin ɗan'adam, wato GPS. Taurarin nan na Amurka suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,000, na'urar tana karɓar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu ta gane inda kake tsaye. Sai ta ɗora ka a kan taswirar filin da aka zuba mata, ta ba ka lamba uku: bakin girin, tsakiyarsa da ƙarshensa. Akwai ta agogon hannu, akwai ta aljihu, akwai manhajar waya. Sauƙinta ba a magana, kallo ɗaya ka wuce, tudu ko hazo ba ya hana ta aiki. Amma ba ta kai leza daidaito ba. Ko a sarari waya takan kauce da 'yan mitoci, a ƙarƙashin manyan bishiyoyi abin ya ƙaru. Ba ta kuma san inda aka kafa tuta yau ba, ga shi masu kula da fili suna sauya wurin rami a kai a kai, babban girin kuwa yana iya kai yadi 30 daga baki zuwa ƙarshe, ratar sanda biyu ko uku ke nan.

Inda mutanenmu suka fi yin asara a nan shi ne taswira. Agogunan Garmin suna ɗauke da filaye sama da 40,000, amma naku yana ciki? In yana ciki, yaushe aka zana shi? Da yawa daga taswirorin nan daga hoton sama ake zana su, in kulob ɗinku ya gina sabon girin bara, agogon zai ci gaba da auna maka tsohon wuri. Ka nemi sunan filinku a jerin da kamfanin ya wallafa a intanet kafin ka biya ko kwabo. In ka same shi, ka ari irin agogon wurin wani, ka zaga da shi kana gwada lambobinsa da alamomin da ke fili. Saye ba tare da wannan ba cinikin biri a sama ne. Ka kuma tambaya ko akwai kuɗin shekara-shekara, domin wasu kamfanoni sai kana biya da dala suke buɗe maka cikakkiyar taswira.

To wacce ta dace da kai? Ka dubi inda wasanka ya kai. In sabon shiga ne kai, sanda guda yau ta kai 120 gobe 150, sanin cewa tuta na 141 ba 144 ba bai ƙara maka komai ba. Manhajar kyauta irin Hole19 ko 18Birdies ta ishe ka, ko ma alamomin fili, waɗanda a wurare da yawa ja ke nuna yadi 100, fari 150, shuɗi 200. Kuɗin ka kai wa mai koyarwa. In hannunka ya fara zama, agogo mai lamba uku zai koya maka ɗabi'ar da ta fi kowace riba a wasan nan, wato ka nufi tsakiyar girin ka bar tuta inda take. Mai leza lambar tuta kaɗai yake gani, zuciya ta ja shi ya nufe ta ko da an kafa ta taku biyar daga bakin ruwa, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. In ka fara shiga gasa, ka san sandunanka, kana yawon filayen da ba lallai a same su a taswira ba, to leza ce ta dace da kai. Kada ka saya don ka ga wani Alhaji a kulob ya saya. Wasansa daban, aljihunsa daban, kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Sai batun doka, inda rashin sani ya fi cutar da matasa. Hukumomi biyu ke rubuta dokokin golf na duniya, R&A da ke St Andrews a Sikotland da USGA ta Amurka. Da can an hana auna nisa da na'ura a gasa. A 2006 aka ba kwamitin gasa damar ya yarda da ita in ya ga dama. Daga 1 ga Janairun 2019 aka juya lamarin, doka ta 4.3 ta yardar wa kowa, sai in kwamiti ya fito fili ya hana. Ko tsakanin ƙwararru ba a haɗu a kan abu ɗaya ba. Gasar PGA Championship ta fara yarda da ita a 2021 a Kiawah Island, shekarar da Phil Mickelson ya lashe yana da shekara 50, gasar Masters ta Augusta kuwa ba ta yarda ba. Kowace gasa da takardar sharuɗɗanta. Ka karanta kafin ka buga ƙwallon farko, abin da ya shige maka duhu ka tambayi kwamiti, matambayi ba ya ɓata.

Doka ta yarda na'ura ta faɗa maka nisa da shiyya. Ta hana ta auna hawa da gangara, ta hana auna ƙarfin iska a fili, ta hana ta zaɓar maka sanda bisa inda ƙwallonka take. Na'urorin leza da yawa suna da lissafin tudu, za ka ga an rubuta Slope a jikin maɓallinsa. Ranar atisaye yana da amfani ƙwarai. Tutar da ke yadi 150 a kan tudun da ya ɗara ka da yadi 10 tana buƙatar bugun kusan 160, na'urar za ta yi ta nuna maka haka har idonka ya saba. Ranar gasa dole a kashe shi. Riƙe na'urar da ke da shi ba laifi ba ne, amfani da shi ne laifi. Karo na farko a ƙara maka bugu biyu, ko ka rasa ramin in wasan rami-rami ne. Karo na biyu a fitar da kai daga gasar, kuma na biyun yana iya zama bugun da ke biye, tun ba ka farga ba. Don haka ka zaɓi wadda maɓallinta ke waje inda kowa zai ga a kashe yake. Ka kashe tun a gida, ka sake dubawa a wurin bugun farko, ka nuna wa abokan wasanka.

A golf yawancin lokaci ba alƙali a kanka, kai ne mai kai ƙarar kanka. Yaron da aka taɓa kamawa da ha'inci a kulob, ko kofi nawa ya ci daga baya, abin da za a fara tunawa da shi ke nan. In ka gano ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka kafin ka sa hannu a katin maki, ko da zai kai ga fitar da kai. Gasa za ta dawo baɗi, suna in ya ɓaci gyaransa sai an sha wuya.

Wani ƙaramin abu mai babbar ɓarna shi ne yadi da mita. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, mita 150 kuwa yadi 164 ne. Amurka da Ingila da yadi suke awo, Faransa da Jamus da mita. Kusan kowace na'ura tana da duka biyun, kuma dannawar kuskure tana iya sauya ta. Sai ka ga 150 ka ɗauka yadi ne, ka gaza da yadi 14, sanda guda cur, ka yi ta mamakin abin da ya sami hannunka yau. Ka riƙa duban ɗan harafin da ke gefen lamba, Y ne ko M. Ka tsaya a kan ma'aunin da katin makin filinku ke amfani da shi, littafinka da na'urarka duk su bi shi. In ka je baƙon fili ka tambaya ina alamominsu suke nufa, domin wasu zuwa tsakiyar girin suke awo, wasu zuwa bakinsa.

Ranar saye kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In an rubuta yadi 1,000, babban abu ake nufi mai mayar da haske kamar bangon gini. Nisan da take kama tuta ya gaza haka sosai, kai kuma da wuya ka buƙaci auna tutar da ta wuce yadi 250. Ka dogara da abin da ido da hannu za su gaya maka. Madubinta garau yake? Yawancinsu suna kusanto da abu ninki shida ko bakwai, wannan ya wadatar. In kana sa tabarau ka gwada da shi a fuska, ka murɗa zoben da ke bakin ido har lambobi su fito tsaf. 'Yata, ke ma ki riƙe ta ki ji ko ta zauna a tafin hannunki, yatsa ya kai maɓalli ba da miƙa ba, domin wadda ta fi ƙarfin hannu rawa take yi. Mai karkarwar hannu ya nemi mai tsayar da hoto, irin wadda Nikon ke ƙerawa. A tambayi batirinta. Da yawa suna cin CR2, wanda ba kowane kanti ke da shi ba, sai a ajiye na ko-ta-kwana a jaka, wasu kuma caji ake yi musu kamar waya. A tambayi juriyarta ga ruwa, domin hadarin Agusta ba ya sallama.

Farashi ya fara daga ƙasa da dala 100 ya haura 500 a manyan sunaye irin su Bushnell. Araha ba ta ado, sai dai tsada ma ba ta nuna abu ya dace da kai. A fili buɗaɗɗe ranar garau, mai matsakaicin kuɗi da mai tsada lamba kusan ɗaya za su ba ka. Ƙarin kuɗin saurin kama tuta yake saye, da hasken madubi, da ƙarko. Ka guji wadda ba a san kamfaninta ba, ba garanti, ba wanda za ka koma wa. Ta hannu ba laifi in ka jarraba ta, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka je filin wasanni mai layin tseren mita 100, ka tsayar da jakarka a ƙarshen layi ka auna daga farkonsa. Ya kamata ka ga mita 100, ko yadi 109, duk sadda ka danna. Kar ka ci bashi saboda ita, kar ka taɓa kuɗin makaranta ko jarin sana'a. In ku biyu ko uku kuke wasa tare kullum, guda ɗaya ta ishe ku, domin faɗa wa abokin wasa nisa ba ya cikin shawarar da doka ta hana. Abin da ta hana shi ne ka tambaye shi wace sanda za ka ɗauka, sai dai mai ɗaukar maka jaka ko wanda kuke ɓangare ɗaya.

In ta shigo hannunka ka riƙe ta da daraja. Kada ka bar ta a rufaffiyar mota cikin zafin Maris da Afrilu. Ƙurar hunturu ka fara hure ta kafin ka goge madubi da ƙyalle mai laushi, gogewa da bakin riga karce gilashi take yi. Kada ka kalli rana ta cikinta, kada ka saita ta a idon mutum. Ka kuma tuna don wasa ya yi sauri aka kawo ta. Doka ta ba da shawarar kada bugu ya wuce sakan 40 in layi ya zo kanka, don haka ka gama awonka tun abokinka yana shirin nasa, ba tare da ka ɗauke masa hankali ba. Ba ya kyau dattawa suna tsaye a rana a bayanku kai kana ta auna tutar da ke taku ashirin a gabanka.

Kada kuma na'ura ta sa ka raina kadi, mai ɗaukar maka jaka. Ya taka filin nan rani da damina, ya san inda ƙasa ke gangarawa da inda iska ke juyawa bayan itatuwa, ya san girin ɗin da ke da tauri wanda sai an sauke ƙwallo tun ba a iso shi ba. Ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da yawa daga ɗaukar jaka suka fara. Ka faɗa masa lamba, ka saurari abin da zai ɗora a kai. Kai ma kada ka bar idonka ya yi kasala. Kafin ka danna maɓalli ka fara kintata a zuciya, sannan ka auna ka ga ratar da ke tsakani, ka kuma koyi takun da ya yi daidai da yadi ɗaya. Wata rana batir zai mutu ana tsakiyar wasa, ko ka shiga gasar da aka hana na'ura, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

'Ya'yana, roƙona gare ku shi ne ku bi abin daki-daki. Ku fara sanin nisan sandunanku ku rubuta. Ku dubi filin da kuka fi wasa a ciki, da inda wasanku ya kai, da abin da aljihunku zai ɗauka ba tare da kun shiga kunya ba. Sannan ku zaɓa, ku gwada kafin ku biya, ku karanta sharuɗɗa kafin ku shiga gasa. Wanda ya yi haka, ko mai matsakaicin kuɗi ya saya zai ci moriyarta shekara da shekaru. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku fi mu iyawa, Ya tsare muku mutuncinku a cikin fili da wajensa.